Na Mutu Sau Goma Sha Bakwai

Sunana Lahsan Ait Hammu, mutumin Warzazat,
garin da ake gina Masar da katako da filasta
a rushe ta ranar Alhamis.

Ina ɗan ashirin da biyu
wani Bature mai jar hula ya auna ni a bakin kasuwa,
ya ce tsayina ɗaya da na tauraronsu.
Ban tambayi sunan tauraron ba.
Na tambayi nawa ne a yini.

Aikin kuwa, a manna alama a ƙasa, a ce tsaya nan.
In tsaya.
Fitilu na gasa mini goshi, ana gusar da su taƙi taƙi,
mai kyamara na leƙe na da ido guda kamar mai taya rago,
har inuwar hancina ta faɗi inda suke so.
Sai a ce madalla, matsa.
Shi kuma ya fito daga motarsa mai sanyi,
ya taka sawuna, ya shiga hasken da na ɗumama masa,
ya yi kukan minti biyu
duniya ta tafa.
Wasu na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Ni dai bugun nan ya saya wa Fadma firji.

Da furfura ta sauka, aka mai da ni cikin taro.
Gemu ya zama jarina.
Fadma ta raba ni da wanzami:
"Ka aske shi, ka aske kuɗin makarantar Itto."

Na yi bawan Fir'auna, na ja dutsen da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya
ina nishi, jijiyar wuya a miƙe.
Na sayar da tattabaru a Ƙudus har sau huɗu,
tattabarun ma sun gane ni.
Na riƙe bindiga a wata ƙasar da ban san inda ta dosa ba,
aka ce in yi ihu da harshenmu, duk abin da na ga dama,
sai na dinga zabga farashin albasa a kasuwar Lahadi.
Muha na kwance gefena, kafaɗunsa na rawa don dariya,
alhali gawa ne shi tun safe.

Na mutu sau goma sha bakwai.
Kibiya, takobi, gini ya rufto, sau ɗaya annoba.
Mutuwar safe ta fi daɗi, kafin rairayi ya ɗau zafi.
Mai wayo yakan faɗi inda inuwa za ta iso da azahar.
Muha ne ya koya mini wannan.

Bara ya yi ta gaske.
Muka jeru a maƙabarta, mu arba'in, gemu bayan gemu,
mutanen da suka iya tsayuwa shiru fiye da kowa a Maroko.
Ba fitila, ba mai nuna mana inda za mu duba.
Na kama kaina ina sauraron a ce an gama,
ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa,
ya tambayi wa ya sha masa shayi.

Jiya Itto ta zo da waya, ta tsayar da wani tsohon fim.
"Baba, ga ka nan!"
Bayan kafaɗar tauraron, dishi-dishi,
rabin kunne da gefen gemu.
Na daɗe ina kallo.
Kunnen Muha ne. Ni ina bayan raƙumin.
Na ce mata, e, ni ne, kada ki goge.

Gobe motar na zuwa ƙarfe huɗu na asuba.
Sun ce suna neman tsofaffi shida masu makoki.
Fadma ta riga ta shafa wa gemun mai.